Ga ɗaliban adabi da muƙalarsu ta dawo da maki ƙasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, don Allah Malam Edita a taimaka a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da ƙannena ɗaliban jami'a maza da mata, musamman masu ɗaukar kwas na adabi mai zafi, irin wanda ake ba ka littafi a ce ka rubuto muƙala a kansa, ka yi kwana da kwanaki kana fama ka miƙa, sannan takarda ta dawo da maki 40 ko 45 da jan biro ko'ina. Na daɗe ina zama da irin waɗannan ɗalibai ina duba musu rubutu, kuma wallahi abin da ke damuna ba makin ba ne, abin da ke biyo bayan makin ne. Sai ka ga yaro mai ƙoƙari wanda tun daga sakandare shi ne na gaba a aji, malamai na karanta insha'insa a gaban 'yan'uwansa, ya zo ya zauna shiru kamar an yi masa rasuwa yana cewa shi dai inaga wannan fannin ba nawa ba ne, gara in canja tun da wuri. Wata kuma ta daina shiga lakca kwata-kwata saboda kunyar haɗa ido da malamin. Wani ya ninke takardar ya cusa ƙasan jaka bai ƙara buɗe ta ba har zango ya ƙare.

To ni dai abin da na gani da idona shi ne, mafi yawan waɗannan takardu ba rashin ƙwaƙwalwa ne ya kayar da su ba, ba kuma lalaci ba. Abu ɗaya ne yake ta maimaita kansa: an ce ɗalibi ya yi nazari, shi kuma ya zauna ya sake ba da labarin littafin tun daga farko har ƙarshe. A sakandare wannan yana ciyar da mutum gaba don abin da ake so a gani shi ne ko ka karanta, ka san waye tauraro, waye ya mutu, mene ne jigo. A jami'a kuwa malamin ya riga ya ɗauka ka karanta, shi kansa ya karanta littafin nan ya koyar da shi shekara da shekaru, ba ya buƙatar ka gaya masa abin da ya faru a babi na uku. So yake ya ji me ka gano, wace magana ce ka tsaya a kai wadda wani mai hankali zai iya cewa a'a ban yarda ba, kai kuma ka kawo hujja daga cikin littafin ka kare ta. Kuma abin takaicin shi ne sau da yawa babu wanda ya taɓa zaunar da ɗalibin ya gaya masa haka ɓaro-ɓaro, an canja masa ma'auni ne bai sani ba.

Bari in ba da misali da littafin da kusan kowane mai karatun Hausa ya sani, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. A ce an ba da tambaya kan rawar da aku ya taka a littafi na ɗaya. Ɗalibi na farko zai rubuta cewa sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri yana ƙulla makirci, Musa yana so ya fita, aku kuma ya riƙa ba shi labari kowane dare har gari ya waye bai fita ba, sai ya bi labaran ɗaya bayan ɗaya yana taƙaita su har shafi shida, ya rufe da cewa wannan littafi yana koyar da darussa masu yawa. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, Hausarsa ma ta yi kyau, amma ba zai wuce maki na tsaka-tsaki ba in ma ya yi sa'a, don babu abin da ya faɗa wanda ba a shafin littafin yake ba. Ɗalibi na biyu zai ce, a wannan littafi magana ita ce makamin wanda ba shi da ƙarfi, aku ba shi da takobi ba shi da dakaru ba zai iya tare ƙofa ba, amma shi ne ya yi abin da masu gadi ba za su iya ba, kuma ya yi shi ne ta hanyar jan lokaci, labarin ba don nishaɗi kawai yake ba, aiki yake yi. Daga nan sai ya zaɓi wuri biyu ko uku kacal, ya nuna yadda aku yake ɗana tarkon labari daidai lokacin da Musa ya yi shirin fita, yadda yake jefa wata magana da za ta sa yaron ya tambaya, ya nuna kalmomin da aka yi amfani da su. Wannan na biyun ko da shafi huɗu ya rubuta ya fi na farko, saboda akwai abin da za a iya yin gardama a kai, wani zai iya cewa a'a, ai ba dabarar aku ba ce, son jin labari ne irin na Musa, to ka ga muhawara ta tashi kenan, kuma ita ake nema.

Haka abin yake ga masu karanta adabin Ingilishi. Things Fall Apart na Chinua Achebe da ya fito a 1958, dubban ɗalibai sun rubuta cewa Okonkwo, tauraron littafin, jarumi ne mai zafin zuciya, Turawa suka zo, al'ada ta rushe, ya rataye kansa. To sai me? Amma ɗalibin da ya lura da shafin ƙarshe, inda bayan an gama ba mu rayuwar mutumin nan littafi guda cur sai marubucin ya juya ya shigar da mu cikin kan jami'in mulkin mallaka yana tunanin littafin da zai rubuta, yana cewa a ransa labarin mutumin nan zai iya cin babi guda, ko dai ba babi ba, sakin layi ɗaya ma ya isa, ɗalibin da ya tsaya nan ya tambayi kansa me ya sa aka rufe littafin da muryar wannan mutumin ba da muryar dangin mamacin ba, wallahi ya samu muƙala. Daga shafi ɗaya tak.

Saboda haka ƙanena, in takardarka ta dawo, abu na farko ka ɗauke ta ka ɗauki biro mai wata kala, duk jimlar da kawai take faɗin abin da ya faru a littafin ka ja mata layi. In ka ga fiye da rabin takardar ta sha layi to ka gano ciwon, kuma ciwo ne mai magani.

Amma ba ranar da aka ba ka takardar za ka yi wannan ba. Ranar nan zuciya tana tafasa, duk abin da malamin ya rubuta a gefe zagi za ka gan shi, ko da cewa ya yi ƙara bayani a nan. Ka bar ta ta kwana biyu, ka yi fushinka, ka gaya wa wanda ka yarda da shi, babu laifi mutum ya ji zafi kan abin da ya sha wahala a kai, wanda bai ji zafi ba ma shi ne abin tsoro. Abin da nake roƙo kawai kada ka tura wa malami saƙo a wannan daren, kada ka shiga gurup ɗin aji kana cewa mutumin nan mugu ne ba ya ba da maki, don gobe kai ne za ka buƙaci ƙofar ofishinsa.

Idan ka huce sai ka rufe makin da hannu ko da 'yar takarda ka karanta bayanan kawai. Ba wasa nake ba, a rufe shi. Akwai wani bincike da wata masaniyar ilimin halayyar ɗan'adam Ruth Butler ta wallafa a 1988, ta raba yara 'yan makaranta gida uku, wasu aka ba su maki kawai, wasu bayani kawai ba maki, wasu kuma aka haɗa musu maki da bayani. Waɗanda aka ba bayani zalla su ne aikinsu ya gyaru a zagaye na gaba, waɗanda aka haɗa wa biyun kuwa sakamakonsu bai bambanta da na masu maki kawai ba, wato da zarar ido ya sauka kan lamba sai bayanin ya zama kamar ba a rubuta shi ba. Yara ne ƙanana aka yi binciken da su amma duk wanda ya taɓa raba wa manya takardu a aji ya san halin ɗaya ne, kowa kusurwar sama yake dubawa, ya leƙa ta maƙwabcinsa, ya ninke. Alhali malamin da ya zauna da dare yana rubuta me kake nufi a nan, ina hujjarka, wannan bai haɗu da na sama ba, ya ba ka abin da ya fi makin tsada nesa ba kusa ba.

Kuma a yi lissafi don Allah, don tsoro yana ƙara wa abu girma. A ce muƙalar nan kashi 20 ce cikin 100 na kwas ɗin gaba ɗaya, ka samu 40 bisa 100, wato ka ci maki 8 cikin 20. Da ka samu 70 da 14 za ka ci. Bambancin maki 6 ne kacal a jimlar ƙarshe. Sauran 80 suna nan ba a taɓa su ba, in ka dage ka samu kashi 70 na abin da ya rage 56 kenan, a haɗa da 8 ka tashi da 64. Kowace makaranta da nata tsarin rabon maki, kowa ya duba takardar tsarin kwas da aka ba shi a farkon zango ya yi nasa lissafin, amma sau da yawa idan ɗalibi ya yi wannan lissafi a gabana sai in ga kafaɗarsa ta sauka, ashe abin da yake ganin keri-oba ne tabbas, wato faɗuwa kwas a maimaita shi, bai ma kama hanyar hakan ba.

Sai maganar zuwa wajen malami, nan ne mafi yawa suke ja da baya. Wasu tsoro, wasu girman kai, wasu kuma suna zuwa amma da muguwar shigowa, wato sun zo roƙon ƙarin maki ko sun zo kare kansu. Malam ai na yi ƙoƙari, Malam kwana uku ban yi barci ba, Malam wane ma da bai kai ni rubutu ba ya fi ni. Duk wannan ba ya motsa komai, ƙoƙari ba a ganinsa a takarda sai abin da ya haifar, kuma ambaton makin wani yana sa malami ya rufe fuska nan take. Ka je a lokacin da ya ware don ganin ɗalibai ko ka nemi izini tukuna, ka riƙe takardar a hannu ka riga ka karanta duk abin da ya rubuta, ka zo da tambaya biyu ko uku takamaimai. Malam a shafi na biyu ka rubuta cewa wannan bayani ne ba nazari ba, na gwada sake rubuta sakin layin ga shi, ko na kama hanya? Malam a cikin duk matsalolin nan wacce ce ta fi cin maki, wadda in na gyara ta za a ga canji? Malam ga matsayar da nake so in ɗauka a muƙala ta gaba a jimla ɗaya, tana da ƙarfin ɗaukar shafi biyar? Malamin da aka zo masa da irin wannan da wuya ya kore ka, hasali ma yawancinsu murna suke yi don ɗalibai kaɗan ne ke zuwa da haka, kuma matambayi ai ba ya ɓata. Ka rubuta abin da ya ce a nan take kada ka dogara da ƙwaƙwalwa.

Ban ce malamai ba sa kuskure ba. Ana yin kuskuren tara maki, ana tsallake shafi, kuma jami'o'i suna da hanyar neman a sake duba takarda, in ka tabbata an yi irin wannan kuskuren ka bi hanyar cikin ladabi, haƙƙinka ne. Amma a bambanta kuskuren lissafi da rashin jin daɗin hukunci. Kuma zancen da ɗalibai suke yawan yi cewa ai adabi ra'ayi ne, kowa da fahimtarsa, don haka malami ba shi da ikon cewa nawa ba daidai ba ne, wannan zance rabinsa ne gaskiya. Eh littafi ɗaya yana ɗaukar fahimta da yawa, amma ba kowace fahimta ce littafin yake goyon baya ba, kuma abin da ake auna maka shi ne yadda ka ɗaure maganarka da abin da ke rubuce. Malamai biyu za su iya saɓawa kan 62 da 66, da wuya su saɓa kan 40 da 75.

Yanzu ga aikin da na fi ganin amfaninsa, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi ƙi: ka sake rubuta wani ɓangare na muƙalar da ta faɗi, ko da babu wanda zai ƙara maka maki ɗaya a kai. Ba duka ba, gabatarwa da sakin layi ɗaya sun isa. Na san ran mutum ba ya so ya koma kan abin da ya ba shi kunya, ya fi so ya ce wancan ya wuce bari in fuskanci na gaba, amma in ba a gyara a nan ba hannun nan dai da ya rubuta wancan shi zai rubuta na gaba. Kuma gyaran da nake nufi ba canja kalma ba ne. Wata malamar koyar da rubutu a Amurka, Nancy Sommers, ta yi nazari a 1980 inda ta kwatanta yadda ɗalibai 20 da ƙwararrun marubuta 20 suke bitar rubutunsu, ta tarar ɗaliban sun ɗauki bita a matsayin cire kalma a sa wata mai nauyi da goge maimaici, su kuwa ƙwararrun komawa suke yi su nemo ainihin abin da suke son faɗa, su rushe tsarin su sake gini in ta kama. Sau da yawa ma za ka ga matsayar ɗalibi ta gaskiya tana ɓoye a sakin layi na ƙarshe, don sai da ya yi ta rubutu har ya kai can sannan ya gano me yake tunani, sai dai lokacin ƙarfe uku na dare ne kuma da safe ake sabmitin. Ka duba ƙarshen takardarka, wataƙila jimlar da ya kamata ta buɗe muƙalar tana can tana jiranka, ɗauko ta ka kai ta sama ka fara daga nan.

Wanda yake ganin jan biro wulaƙanci ne ya tuna cewa T. S. Eliot, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1948, shahararriyar waƙarsa The Waste Land da ta fito a 1922 sai da ya miƙa ta ga abokinsa Ezra Pound, shi kuma ya bi ta da biro ya zubar da baitoci masu ɗimbin yawa ya rubuta maganganu masu kaushi a gefe, an ma buga hoton ainihin takardun a 1971 kowa yana iya ganin zane-zanen. Eliot bai yi zuciya ba, daga baya ma Pound ɗin ya sadaukar wa waƙar. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Wani abin kuma shi ne yadda ake karatun tun farko. Da yawa ana karanta littafin ne sau ɗaya a guje, ko ma ba a karanta ba an dogara da handawut da taƙaitawar intanet, sannan a zo rubutu babu komai a hannu sai labari, to dole labarin za a bayar. Salon nazarin da ake kira karatun ƙwaƙƙwafi, wato tsayawa kan kalma da jimla, yana da tarihi: I. A. Richards a jami'ar Kambirij ta Ingila ya riƙa raba wa ɗalibai waƙoƙi ba sunan mawaƙi ba shekara, ya ce su faɗi abin da suka gani, ya tattara sakamakon a littafinsa Practical Criticism a 1929, kuma abin da ya fito fili shi ne ɗalibai masu ƙoƙari a babbar jami'a suna kasa fahimtar ma'anar waƙa ta zahiri, suna zuwa da amsar da suka saba tun kafin su karanta. Wato wannan matsala ba a kanka aka fara ba kuma ba ta wata ƙasa ɗaya ba ce. Maganinta karatu na biyu da fensir a hannu. Duk inda wani abu ya ba ka mamaki ko ya dame ka ko ka ga an maimaita wata kalma ko hoto, yi alama ka rubuta me ya sa a gefe. Inda ka rikice kada ka tsallake, galibi muƙala mai kyau daga wurin da mutum ya rikice take fitowa. Idan ka kawo magana daga littafin kuma kada ka ajiye ta ka wuce kamar ita za ta yi wa kanta bayani, in ka ɗauko layi biyu to ka yi layi biyar ko shida kana warware su, wace kalma ce ta ɗauki nauyin, me ya sa ita aka zaɓa, waye yake magana kuma wa yake gaya wa.

Sai masu ɓuya a bayan manazarta. Bayan an sha maki ƙasa sai tsoro ya sa ɗalibi ya cika takarda ta gaba da wane ya ce, wance ta ce, Farfesa wane yana ganin, har a gama ba a ji muryarsa ba. Karanta manazarta wajibi ne, laburare don haka aka gina shi, amma ana kawo su ne a yi magana da su, a yarda da wani ɓangare a ja da wani. Achebe ɗin nan a 1975 ya tsaya a jami'ar Massachusetts ya gabatar da lacca kan Heart of Darkness na Joseph Conrad, littafin da ya fito tun 1899 kuma manyan masana suka daɗe suna yabo, ya ce littafin ya tube wa 'yan Afirka mutuntaka ya hana su ko magana irin ta mutane, kuma da jimlolin littafin ya kafa hujja. Har yau ana muhawara kan laccar, wasu sun yarda wasu sun ƙi, amma ba a iya koyar da littafin a yi kamar ba a yi ta ba. Ba cewa nake ɗan aji ɗaya ya tashi ya ƙaryata kowa ba, cewa nake akwai wuri a teburin ga wanda ya karanta da kyau ya zo da hujja.

Dole in taɓo ChatGPT da ire-irensa, wato manhajojin da ke yi wa mutum rubutu in ya tambaye su, don na san inda hankalin ɗalibi yake zuwa idan ya ji rauni. Wallahi ƙanena kada ka yi. Bar ma maganar kamu da hukuncin satar rubutu wanda a jami'o'i da yawa yana kai wa ga soke kwas ko kora, abin da irin waɗannan manhajoji suka fi iya fitarwa shi ne daidai irin rubutun da ya kayar da kai, magana mai santsi ta gama-gari wadda ba ta tsaya ko'ina ba, kuma an san suna ƙirƙiro maganar da ba ta cikin littafi su jingina wa marubuci, har da lambar shafi. Malamin da ya haddace littafin zai gane a layi na farko. Ko ka tsira ma, ranar jarrabawa kai da biro ne kawai a zaure.

Ga waɗanda suke rubutu da harshen da ba shi suka tashi da shi ba, ku tambayi malami ya raba muku, nawa ne matsalar nahawu nawa ne matsalar tunani, don maganinsu daban. Nahawu yana gyaruwa da gajerun jimloli da karanta takarda da ƙarfi kafin miƙawa da ba wa aboki ya duba, kuma jami'o'i da dama suna da cibiyar taimaka wa ɗalibai kan rubutu kyauta wadda mutane ba sa zuwa. Kada ka lulluɓe ƙaramin tunani da manyan kalmomin ƙamus, malamai sun fi son jimla mai sauƙi da ta faɗi abu. Kuma a fara da wuri, muƙalar da aka rubuta a dare ɗaya daftari ne aka miƙa, ko kwana biyu aka bari tsakanin rubutu da bita ana ganin bambanci.

Malam Edita ka ƙara mini haƙuri kaɗan in juya ga malamai, don ba adalci ba ne a ɗora wa ɗalibai komai. Ranku ya daɗe, na san yawan takardun da ke gabanku, aji ɗaya wani lokaci ɗaruruwa, ga bincike ga taro ga iyali. Amma takardar da ta dawo da lamba kawai, ko da kalma ɗaya kamar rauni ko alamar tambaya a gefe, ba ta koya wa kowa komai ba, ɗalibi zai ɗauka shi ne raunin. Jimla biyu sun wadatar, ɗaya ta faɗi babbar matsalar ɗaya ta faɗi abin da zai yi a gaba, in akwai wuri guda da ya yi daidai a nuna masa don ya san yadda daidai take kama. A dawo da takarda kafin lokacin miƙa ta gaba, don gyaran da ya zo bayan an gama jarrabawa ba shi da inda za a yi amfani da shi. A ware lakca ɗaya a farkon zango a nuna wa aji sakin layi mai ba da labari da sakin layi mai nazari gefe da gefe, minti talatin ɗin nan za su rage muku jan biro na wata uku. Kuma don girman Allah a daina karanta takardar ɗalibi a gaban aji ana dariya, na ga waɗanda suka bar fannin baki ɗaya saboda rana ɗaya irin wannan, cikinsu har da masu kaifin basira da aka yi asararsu. Tsanani a maki ba laifi ba ne, ni ina goyon bayansa ma, kwas mai wuya shi ne yake fitar da mai iya tunani, amma tsanani daban cin fuska daban.

Iyaye da yayye kuma, idan yaro ya gaya muku ya samu maki ƙasa a rubutu ɗaya, kada tambayar farko ta zama me kake yi a makarantar, ku tambaye shi me malamin ya rubuta a takardar, ku ce ya karanto muku. Yaron da ya san za a yi masa faɗa ɓoyewa zai yi, wanda ya ɓoye kuma ba ya neman taimako.

Daga ƙarshe ina da roƙo gare ka Malam Edita. Da za a samu ɗan shafi ko sau ɗaya a wata, a gayyaci malaman adabi su ɗauki gajeren rubutun ɗalibi da izininsa ba tare da suna ba, su nuna inda ya yi daidai da inda ya kauce da yadda za a gyara, da ɗalibai da yawa waɗanda ba su da wanda zai zauna da su sun amfana, har da 'yan ajin ƙarshe na sakandare da ke shirin shiga jami'a. Na tabbata za a samu malaman da za su ba da lokacinsu in aka nema.

Na gode da wannan fili, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu, tsohon ɗalibin adabi